Tirelar Zamani da Gas ɗin da Take Sha: Lacca Kan Tsada da Doka

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabanni, masu motoci, direbobi da kanikawa, na gode da wannan gayyata. Abubuwa uku na rubuto: dokokin da suka haifi tirelar zamani, inda mu muka tsaya a Najeriya kan farar wutar da ke cikin gas, da kuma abin da tirelar take ci a aljihu. Waɗanda suke baya, idan murya ba ta isowa a ɗaga hannu.

Injin gas yana da wata tsohuwar matsala. Idan ana son ya ja kaya da ƙarfi kuma ya sha mai kaɗan, dole a ƙona man da zafi mai tsanani, wannan zafin kuwa shi ne yake haifar da wata iskar guba mai cin huhu wadda ido ba ya ganinta. Idan aka rage zafin sai gubar ta ragu, baƙin hayaƙi kuma ya ƙaru, irin wanda duk wanda ya taɓa bin bayan tifa a hawa ya sani. Gaba kura ke nan, baya sayaki. A 1992 Turai ta kafa ma'aunin Euro I, ta yarda babbar mota ta fitar da giram 8 na wannan guba a kowace kilowat-awa ta aikin inji, amma da Euro VI ya zo a 2013 sai adadin ya koma 0.4, wato kashi ɗaya cikin ashirin. Amurka ta tsaurara nata a 2007 da 2010, har kamfanin Caterpillar ya daina ƙera injin motocin titi.

Domin cika wannan sharaɗi aka ɗora wa mota rariyar da ke tare toka a bututun hayaƙi, da tankin ruwan AdBlue da ake fesawa cikin hayaƙin don rage gubar, da kwamfutar da ke sa ido a kan duka. Kowanne kuɗi ne, kuma mai saye ne yake biya. A 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Daimler da DAF da Iveco da Volvo tare da Renault Yuro biliyan 2.93, saboda daga 1997 zuwa 2011 sun haɗa baki a kan farashi, har da lokacin da za su fito da kayan tace hayaƙi da yadda za su ɗora wa masu saye kuɗinsu. Kamfanin MAN ya tsira domin shi ne ya tona asiri. Na ga Alhaji yana murmushi. Lallai ba a kasuwarmu kaɗai ake haɗa baki ba.

Na biyu shi ne farar wuta, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Farar wutar nan da kuka sani ana sayarwa a kasuwa tana cikin ɗanyen mai tun daga ƙarƙashin ƙasa, cire ta kuwa yana buƙatar matata mai tsada. Turai ta kayyade kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka kashi 15 tun 2006. Mu kuwa mun shekara da shekaru dokarmu tana yarda da kashi 3,000. Ku riƙe lissafin: 10 a can, 3,000 a nan a wancan lokacin. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda dillalai suke haɗa mai mai datti musamman domin Afirka ta Yamma, kuma ba su karya dokarmu ba, domin dokar ce ta ba su ƙofa.

Farar wuta tana lalata sinadarin tace guba da ke cikin bututun hayaƙi, tana toshe rariya, kuma idan ta haɗu da danshi sai ta zama ruwan batir mai cin ƙarfe. Na taɓa tsayawa a Tafa a kan wata daf 'yar Beljiyam wadda ba ta yi wata biyu da fitowa daga tashar jirgin ruwa ba. Fitila mai ruwan ƙwai tana ta ƙiftawa a gaban direba, motar kuma ta ƙi wuce gudun kilomita 20 a awa, yaron mota yana rantsuwa cewa asiri aka yi musu. Ba asiri ba ne, doka ce: an tsara motar Euro VI ta daƙile kanta idan kayan tace hayaƙi suka daina aiki. Bakanike ya yanke rariyar, ya yi walda, wani yaro ya zo da kwamfutarsa ya goge umarnin, mota ta tashi. Mai mota ya biya kuɗin fasahar a Turai, ya sake biyan kuɗin cire ta a gida, hayaƙin kuma ya koma huhun mai sayar da shayi da ke gefen titi. Sau biyu ya biya, ina maimaitawa, sau biyu.

An sami ci gaba. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da kashi 50 cikin miliyan, da kuma ma'aunin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, matatar Dangote kuma ta fara sayar da gas a 2024. Sai dai 50 ya ninka 10 sau biyar, ga kuma gas ɗin jarka da ake surka wa kananzir, da wanda ake dafawa a ɓoye a yankin Neja Delta. A ganina, hukumar da ta tsaurara doka a kan mota alhali ba ta auna abin da ke fitowa daga bakin famfo ba, ta ƙara wa kanikawa aikin yanka ne kawai.

Na huɗu, af, na uku ke nan, wato abin da tirela take ci a aljihu, kuma lokaci ya ƙure. Tirelar Turai mai cikakken kaya tana shan kusan lita 30 zuwa 35 a kilomita 100 a kan titi mai kyau, AdBlue kuma kusan kashi 5 cikin ɗari na gas ɗin da ta sha. Wannan ne ya sa da yawa suka koma Howo da Shacman na Sin, masu sauƙin gyara, kayansu kuma ga su a Ƙofar Ruwa. Na ga hannu a can. Bismillah, Malam.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ne: tun da AdBlue yuriya ce da ruwa, me zai hana a jiƙa takin zamani a zuba? Tambaya ce ta mai hankali, domin kashi 32.5 cikin ɗari na ruwan yuriya ce, sauran kuma ruwa ne, kuma muna yin yuriya a Eleme da Lekki. Amma kada ka yi, Malam. Takin gona yana ɗauke da wasu sinadarai da ake sa masa don kada ya dunƙule a buhu, ruwan rijiya kuma yana da gishiri da ƙasa, su biyun za su toshe bakin feshin su kashe sinadarin da ya fi komai tsada a bututun. Ko na gaskiyar ma ba ya son zafi, yana raguwa da ƙarfi idan ya daɗe a sama da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Saboda haka jarkar da ka gani an jera a rana a bakin titi, ka duba kwanan watan da ke jikinta kafin ka ciro kuɗi. Shugaba yana nuna mini agogo. Sauran tambayoyi sai bayan La'asar.