Darasi: Canza sifirin ɗin kunamar ƙaramar bindiga, abin da ake samu da abin da ake rasawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau darasinmu a kan kunamar ƙaramar bindiga ne, da waɗannan 'yan sifirin ɗin da ake sayarwa a leda a nan Amurka, masu shiga gasar harbi suna saye suna canzawa a gida don kunamar ta yi laushi.

Magana ɗaya tukuna ga masu kallonmu daga gida. Abin da zan nuna harkar Amurka ce, inda doka ta yarda mutum ya mallaki ƙaramar bindiga, ya je filin harbi ya yi wasansa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistul da libarba cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa. Saboda haka wanda yake Kano ko Kaduna, ya ɗauki wannan a matsayin ilimin yadda na'ura take aiki, iyakarsa ke nan. Wanda kuma yake nan, ya duba dokar jiharsa, don ta Kalifoniya daban, ta Tekzas daban.

To. Ga Glock 17 a gabana. Na cire gidan harsashi, na ja murfin sama baya, na leƙa, na sa yatsa na taɓa, babu komai a ciki. Harsasan ma ba sa cikin ɗakin nan, suna wani ɗaki a kulle. Ba don ado nake wannan ba. Ita wannan bindigar ba a iya kwance ta sai an danna kunama, kuma a daidai wannan gaɓar ce mutane suke huda bangon gidansu, wasu ma ƙafarsu.

Me ya sa mutum zai so kunama mai laushi? Ku yi lissafi da ni. Bindigar nan cike da harsashi ba ta kai kilo ɗaya ba. Kunamarta kuwa, yadda take fitowa daga masana'anta, tana buƙatar ƙarfin kusan laba 5.5, wato wajen kilo biyu da rabi, kafin ta tashi. Yatsa ɗaya yana danna nauyin da ya ninka na bindigar fiye da sau biyu, kuma ana so bakinta kada ya motsa. Shi ya sa sabon maharbi mai harbi da hannun dama yake ganin harsashinsa yana sauka ƙasa, ta hagu. Ya saita daidai, amma wajen dannawa ya ture bindigar.

Misali mafi shahara shi ne na 'yan sandan birnin New York. Da suka koma daga libarba zuwa irin waɗannan bindigogi, sai aka sa musu sifirin na musamman da ya kai nauyin kunamar wajen laba 12, fiye da kilo biyar, don kada jami'i ya harba bisa kuskure cikin firgici. Har yau sunan birnin ake kiran wannan sifirin da shi. Shekaru suna ta ƙorafin cewa nauyin yana ɓata saiti, sai a 2021 rundunar ta sanar cewa sababbin ɗauka za su koma kunama mai nauyin wajen laba 5. Ku lura da inda suka tsaya: sun koma nauyin masana'anta ne, ba su gangara zuwa laba 2 ko 3 irin ta 'yan gasa ba.

Su ma masu shirya gasa sun sa iyaka. A harbin bindigar iska na mita 10 da ake yi a wasannin Olamfik, kunama ba ta yin ƙasa da giram 500, na mita 25 kuma giram 1,000. Alƙali yana rataya nauyi a kunamar, idan ta tashi, kai ma ka tashi daga gasar. Don haka kafin ka sayi komai, karanta dokar rukunin da kake shiga, ko na USPSA ne ko na IDPA, wato ƙungiyoyin da suke shirya gasar harbi a nan, domin akwai rukunin da yake taƙaita abin da za ka iya canzawa.

Yanzu mu buɗe ledar. Ku matso da ido, abubuwan ƙanana ne. Yawanci za ku tarar da sifirin uku, kuma kowanne da aikinsa.

Wannan dogon shi ne na allura, allurar da take bugun gindin harsashi. A Glock, idan ka danna kunama, kai ne kake ƙarasa ja wa allurar baya kafin a sake ta, saboda haka wani kaso na nauyin da yatsanka yake ji daga wannan sifirin yake. Na masana'anta laba 5.5 ne. Kamfanoni irin su Wolff suna yin na laba 4.5 da na laba 4. Ka sa mai taushi, kunama ta yi sauƙi nan take, har ka ji daɗi. Amma ƙarfin da ka rage, ai shi ne ƙarfin da allura za ta bugi harsashi da shi. Sai wata rana ka danna ka ji ƙas, babu ƙara. Ka fitar da harsashin ka ga ɗan tabo marar zurfi a gindinsa. Kuma ba duk harsashi ne ɗaya ba. Maharba sun san na kamfanin Federal gindinsa ya fi saurin kamawa, na kamfanin CCI ya fi tauri, na soja kuwa ya fi su duka taurin kai. Bindigar da take tashi lafiya da wani, tana iya ƙin tashi da wani.

Wannan ɗan ƙaramin kuma, wanda idan ya faɗi ƙasa sai ka yi rarrafe kana nema, shi ne na makarin allura. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin murfin sama da yake tare hanyar allura, ba ya kaucewa sai an danna kunama. Yana cikin kariya uku da Gaston Glock ya gina a bindigar tun da ta fito a Ostiriya a farkon shekarun 1980: ɗan harshen da ke jikin kunama, wannan makarin, da kuma wanda yake hana ta tashi idan ta faɗi. Sifirin mai taushi a nan yana rage ɗan tsaikon da kake ji a farkon dannawa. Ribar kaɗan ce ƙwarai. Idan kuma datti ya taru, sifirin marar ƙarfi na iya kasa mayar da makarin mazauninsa, kai ba ka sani ba. Ni a ra'ayina wannan a bar shi yadda yake.

Na ukun shi ne yake ruɗa mutane. Sifirin ɗin kunama kansa. A Glock na ƙarni na ɗaya zuwa na huɗu, ina nufin jerin samfurin da kamfanin ya yi ta sabuntawa, wannan sifirin baya yake jan kunama, wato yana taya yatsanka aiki. Saboda haka mai ƙarfi ne yake sauƙaƙa dannawa, ba mai taushi ba. Shi ya sa za ku ga an rubuta laba 6 a jikin ledar, ku ce an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. To ga inda gizo yake saƙa: abin da yake mayar da kunama gaba shi ne sifirin ɗin allura. Idan ka haɗa mai ƙarfi yana ja baya da mai taushi yana ja gaba, tana iya ƙin komawa gaba har ƙarshe, ɗan harshen kariyar nan ya ƙi kamawa. Ka kashe kariya ɗaya ke nan da hannunka, kuma daga waje babu abin da zai nuna maka. Ƙarni na biyar da ya fito a 2017 an sauya masa tsarin wannan wurin, don haka kayan na huɗu ba sa shiga na biyar. Duba lambar bindigarka kafin ka biya kuɗi.

Masu libarba ta kamfanin Smith & Wesson, naku biyu ne: babban sifirin mai tura guduma, da ƙaramin da yake mayar da kunama. Lissafin ɗaya ne. Ka rage babban da yawa, harsashi ya ƙi tashi. Ka rage ƙaramin da yawa, yatsanka ya riga kunama dawowa idan kana harbi da sauri, ta cije. Akwai kuma masu sassauta ɗan kusar da ke gaban mariƙi don samun laushi kyauta. Kada ku yi. Girgiza za ta ci gaba da warware shi.

Yadda ake aikin, a taƙaice. Kwancewa da haɗawa ku bi littafin da ya zo da bindigar da takardar da ke cikin ledar, don kowane samfuri da nasa. Ku sa tabarau, sifirin a matse yake, idan ya kuɓuce ido yake nema. Wasu suna kwancewa a cikin babbar leda mai haske don abin da ya yi tsalle ya tsaya a ciki, dabara ce mai kyau. Abin da na fi so ku riƙe shi ne awo. Ga ma'aunin kunama, wannan na Lyman ne. Kafin ka taɓa komai, auna sau biyar a wuri ɗaya na jikin kunamar, ka rubuta matsakaicin. Ina nanata wuri ɗaya, domin idan ka auna a ƙasan kunama za ka ga lamba ƙasa da ta tsakiya. Sannan ka canza sifirin ɗaya tak. Ka haɗa, ka sake aunawa, ka gwada. Wanda ya zuba ukun gaba ɗaya, ranar da matsala ta zo ba zai san wanne ne mai laifi ba. Na asalin kuma a sa su a leda a rubuta suna, za a neme su.

Abin da ban yarda kowa ya yi a gida ba shi ne ɗaukar zarto ko injin gogewa ya hau wurin da sandar kunama take riƙe allura. Wurin nan ɗan mitsitsi ne, shi kaɗai yake riƙe da komai. Sifirin idan bai yi ba sai a cire. Ƙarfen da aka goge kuwa ya tafi ke nan. Wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi.

Bayan an haɗa, gwaji, har yanzu babu harsashi. Na ja murfi, na danna, ta yi ƙas. Ina riƙe da kunamar a danne, na sake jan murfi, na saki yatsa a hankali... kun ji wannan ƙaramin sautin? Ta koma mazauninta. Yanzu na sake ta gaba ɗaya, a hankali sosai, in ga ko ɗan harshen ya fito ya kama. Ya kama. Sai in tura gefen kunamar ba tare da na taɓa harshen ba: dole ta ƙi motsi. Idan ta motsa, a kwance a mayar da na asali. Sai makarin allura: murfin yana hannuna, na tura allurar gaba, bakinta bai kamata ya leƙo ba sai na danne makarin da yatsa. Ku maimaita kowanne sau da yawa, da sauri da kuma a hankali.

Kada wani ya ɗauka maganar faɗuwa wasa ce. A 2017 aka gano cewa bindigar SIG P320 tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, saboda nauyin ƙarfen kunamar kansa yana iya ja ta baya. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, cikin abin da ya canza har da sa kunamar da aka rage wa nauyin ƙarfe. Injiniyoyi ne da ɗakunan gwaji abin ya wuce musu. Mu da muke aiki a kan teburin cin abinci, sai mu san matsayinmu.

A filin harbi, fara da harsashi ɗaya a ciki. Ya tashi lafiya, sai ka sa biyu. Dalilin biyun shi ne idan wani abu ya lalace har ta saki fiye da ɗaya a dannawa guda, gara ta tsaya a na biyu. Idan hakan ta faru, ka tsaya nan take, ka sauke harsashi, ka kai wa maƙeri. Ban da haɗarin rai, dokar tarayya ta 1934 tana kallon bindigar da take harba fiye da ɗaya a dannawa guda a matsayin mashinga, kuma wannan babban laifi ne. Idan kuma ka danna ka ji ƙas kawai, bar bakinta yana kallon gaba na daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, don akwai harsashin da yake jinkirin kamawa. Bayan haka sai ka harba ɗaruruwa, da irin harsashin da za ka riƙa amfani da shi, kana duba zurfin tabon da allura take bari.

Wani zai tambaya, to bindigar da aka ajiye don tsaron gida fa? Ni dai ba na taɓa ta, kuma malaman harbi da yawa a nan haka suke ba da shawara. A gasa, harsashi ya ƙi tashi, ka yi asarar daƙiƙa biyu da maki. Cikin dare da firgici kuwa, hannu yana rawa, yatsa ba ya bambance laba 3 da laba 5, kuma duk abin da ka canza lauya zai iya tambayarka a kansa a kotu. Garantin kamfani ma yana iya faɗuwa idan kayan waje ne suka jawo matsalar.

Kuma gaskiyar magana, yawancin masu sayen ledar nan ba sifirin ne matsalarsu ba. Ɗora kwabo a kan bakin murfin, bindiga babu harsashi, ka danna kunama. Idan kwabon ya faɗi, yatsanka ne yake buƙatar aiki. Minti goma kullum na wannan atisayen, da harsashin atisaye na roba marar albarushi a ciki, ka yi wata guda, sannan ka dawo ka auna ko har yanzu kana son canjin. Kunamar ma da kanta tana yin santsi bayan an yi ta amfani da ita.

A darasi na gaba za mu ɗauki CZ 75, mai guduma a waje, mu ga yadda dannawar farko take bambanta da ta biyu, da abin da sifirin ɗin guduma yake yi a can. Mai tambaya ya aiko. Sai mun haɗu, a huta lafiya.