Asabar Ɗin Da Ke Cinye Mini Wahalar Mako Guda

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da hasken, nan Toronto gari ya tashi da hazo da sanyi, sai da na kunna fitilar kicin. Bari in jingina wayar a jikin butar shayi. Yauwa, ina fata kuna ganina da kyau.

Yau Asabar, kuma da gangan na zaɓi yin wannan magana a yau. Tun da na fara ba ku labarin rage ƙibata, tambayar da aka fi yi mini ita ce ko ina ware ranar da nake sakin linzami in ci duk abin da raina ke so. Turawa suna da sunan da suke kiran wannan rana, ma'anarsa ranar ha'inci, kamar dai ka saci jiki ka cuci tsarin da ka ɗora wa kanka. Na yi ta, har wata uku cur. Ga littafin da nake rubuta komai a ciki, bari in buɗe muku shafin.

Kun ga nan, kilo 94 na fara da shi. Masaniyar abincin da likitana ya tura ni wajenta ta lissafa cewa jikina yana buƙatar kusan kalori 2,200 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, idan ina so in tsaya a inda nake, sai muka tsayar da 1,700. Ragin 500 ke nan kullum. Daga Lahadi zuwa Juma'a ina riƙe wannan da ƙarfina: ina auna shinkafa a ƙaramin sikeli, ina wuce kantin kek a tashar jirgin ƙasa ba tare da na waiga ba, idan na dawo daga aikin dare in sha ruwa in kwanta. Kwana shida sau 500, na tara 3,000. Sai Asabar ta zo.

Wata Asabar na daure na rubuta duk abin da ya shiga bakina, ban ɓoye ko loma ɗaya ba. Ga shi nan da jan biro. Da safe biredi da bota da cakulan da shayi mai sukari. Da rana fiza, yanka biyar, da lemon kwalba biyu. Da la'asar soyayyen dankali. Da dare ragowar fizar da robar ayis kirim guda. A nan lardin Ontariyo tun 2017 doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye su rubuta kalori a jikin jerin abincinsu, don haka lissafin bai ba ni wuya ba. Ya kama kusan 4,700. Ku cire 2,200 da jikina ke buƙata, rarar ta zama 2,500. Cikin 3,000 da na tara da yunwa da haƙuri na kwana shida, 500 kacal ya rage mini. Ana ƙiyasta cewa kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ke nan ribar makona duka ba ta kai giram 70 ba. Na zauna a kan wannan kujerar da littafin a hannu, hawaye suka zubo mini, domin wata uku ina zargin jikina, ina cewa ya ƙi ba ni haɗin kai.

Amma ba lissafin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da na kasa mantawa shi ne daren wata Asabar ɗin. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, ina tsaye gaban firji a buɗe da cokali a hannu. Cikina a cike yake taf, har numfashi na yi mini nauyi. Ayis kirim ɗin ya fara narkewa a gefen robar, harshena ma ya daina jin zaƙinsa saboda sanyi, amma ina ta kaiwa baki. Ina kallon agogon murhu, ina cewa saura minti arba'in Asabar ta ƙare a rufe ƙofa, kuma ba za a sake buɗewa ba sai bayan kwana shida. Maigidana ya fito shan ruwa, ya tsaya ya dube ni a hankali ya ce, "Maman yara, yunwa kike ji ne?" Na ce masa, "Wallahi Abban yara, ba na jin komai." Ya ce, "To me ya sa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Da na kai wa masaniyar abincin wannan labari, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce abu ne da aka daɗe da sani, ta ba ni labarin wani gwaji da masu bincike biyu, Peter Herman da Mack, suka wallafa a 1975. Sun kira ɗalibai mata wai su zo ɗanɗanon ayis kirim, amma kafin nan sai aka ba wasu daga ciki haɗin madara mai sanyi da zaƙi, kofi ɗaya ko biyu. Waɗanda ba sa takura wa kansu a abinci, da suka sha madarar sai suka ci ayis kirim kaɗan, tun da sun riga sun ƙoshi. Masu takura wa kansu kuwa, da suka sha madarar sai suka ƙara ci fiye da in da ba su sha ba. Tunaninsu shi ne tun da an riga an karya doka, a ƙarasa kawai. Daga baya Herman ya yi shekaru yana bin wannan batu tare da Janet Polivy a Jami'ar Toronto, nan garin da nake zaune. Ina jin wannan bayani na ga kaina tsaye gaban firjin nan. Ni da hannuna nake shirya wa kaina wannan karya dokar duk mako, har na sa mata suna da rana.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma da shi na riƙa kare kaina. Ana cewa ranar sakin linzami tana farkar da jiki, ta hana shi rage ƙona abinci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai wani sinadari mai suna leftin da kitsen jiki ke fitarwa, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Idan mutum ya rage ci, leftin yana sauka, yunwa ta ƙaru, jiki ya fara tsimi. Idan ya ƙara ci, leftin yana ɗagawa. Sai dai a wani ƙaramin gwaji da aka yi a Suwizalan a 2000, an ɗura wa mata rarar abinci mai sitaci har kwana uku, kuma abin da jikinsu ke ƙonawa ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari ne kawai. A jiki irin nawa wannan kusan kalori 150 ne kawai. Ni kuwa rarar 2,500 nake zubawa. Kun ga an ba da goma don a karɓi ɗaya.

Binciken da masu wannan magana suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Ostireliya, ƙarƙashin Nuala Byrne ta Jami'ar Tasmaniya, ya fito a 2017. Maza 51 masu ƙiba aka raba gida biyu. Kashi ɗaya suka rage ci na mako 16 a jere. Ɗaya kashin suna rage ci mako biyu, su huta mako biyu, har su ma su cika mako 16 na ragi. Cikin waɗanda suka bi tsarin har ƙarshe, masu hutawa sun zubar da kusan kilo 14, sauran kusan kilo 9. Na ji daɗin karanta wannan, sai da na kai ga yadda hutun yake. A makonnin hutu ana ba su abinci ne daidai gwargwadon abin da zai tsayar da nauyinsu, a aune, ba ƙari ko ragi. Wannan hutu ne na gaske, kuma ya sha bamban da tsayuwata gaban firji.

Bari in zuba shayin kafin ya huce.

To shin na daina ne gaba ɗaya? Na gwada hakan ma, na yi mako uku ba na taɓa komai mai zaƙi. Kullum tunanin abinci nake, a wajen aiki, a cikin jirgi, har a mafarki. Aka gayyace mu bikin zagayowar ranar haihuwar 'yar maƙwabciyarmu, na zauna da kofin ruwa a hannu ina ƙirga mintuna, na dawo gida raina a ɓace ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan ma ba rayuwar da zan iya riƙewa ba ce, kuma tsarin da mutum ba zai iya zama da shi shekara ba, amfaninsa kaɗan ne.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wani ɗan gwaji na Rita Coelho do Vale, malamar jami'a a Fotugal, da abokan aikinta, a 2016. Kashi ɗaya suna cin kalori 1,500 kullum. Ɗaya kashin suna cin 1,300 kwana shida, rana ta bakwai su ci 2,700. Ku haɗa da kanku, duka biyun 10,500 ne a mako. Nauyin da suka rage ya zo kusan ɗaya, amma masu ranar sassauci sun fi jin ƙwarin gwiwar ci gaba. Mutanen ba su da yawa kuma mako biyu kawai aka yi, don haka ban ɗauke shi a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne an biya kuɗin ranar tun kafin ta zo. Tana cikin lissafi, tana da iyaka, kuma babu wanda ya ha'inci kowa.

Ga yadda nake yi yanzu, wata biyar ke nan. Ci ɗaya nake warewa a mako, ba yini guda ba. Tun ranar Laraba nake zaɓar abin da zan ci, kuma sai abin da nake marmari da gaske. Sauran kwanakin na koma 1,650, wannan ya ba ni ɗan sarari. Ranar da kanta ina karya kumallo da ƙwai da yogot kamar kullum, domin na lura in na ƙi cin komai da safe don in tara wuri, ina isa gaban abincin ne kamar wadda aka kora. Ina ci a zaune, a faranti, tare da iyalina, waya a ajiye. Abin da ya fi taimakona kuma shi ne ba na shigo da babbar roba gida. In ayis kirim nake so, mu fita in sayi kofi ɗaya in shanye a can. Abin da ba ya cikin firji ba ya kirana da tsakar dare.

Sai maganar sikeli, don na san tana karya zukata da yawa. Washegarin irin wannan ci za ki iya hawa ki ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru. 'Yar'uwa, kada hankalinki ya tashi. Kafin ki tara kilo biyu na kitse sai kin ci rarar kalori sama da 15,000, kuma ba ki ci haka ba. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa kusan giram uku. Ga gishirin abincin waje, shi ma yana riƙe ruwa, ga abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Ni a jikina zuwa Laraba yake sauka. Da can ganin wannan lamba ke sa in ƙi cin abinci ranar Lahadi don in hukunta kaina, yunwar kuma ta taru ta jira Asabar. Yanzu ranar Juma'a da safe kawai nake hawa sikeli. Jiya ya nuna 83.

Akwai waɗanda nake roƙo da babbar murya kada su kwaikwaye ni sai sun ga likita. Mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin, cin sitaci da zaƙi mai yawa a zama ɗaya zai iya harba sukarinsa sama. Mai hawan jini ya tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kuma fiza ɗaya tana iya wuce haka. Wanda kuma ya san in ya fara ci ba ya iya tsayawa, yana ci a ɓoye, daga baya kunya ta rufe shi ko ya je ya amayar, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin zuciya ba ne. Ni kaina na matso kusa da bakin wannan rami a daren nan, shi ya sa ba na wasa da maganar.

Ga ƙaramar nan ta tashi, kuna jin takunta. Zo ki gaida mutane, 'yar albarka. Ta ce kunya take ji. Tun Laraba muka yi shawara da ita, yau fiza za mu ci da rana, yanka biyu nawa da salak, sauran nasu ne ita da yayanta da Abbansu. Bari in soya ƙwan nan in nemo mata safar hannunta, tun jiya ɗaya ta ɓata. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya yarda.