Ka Haɗa Sabuwar Rauta Amma Intanet Ya Ƙara Nauyi? Ga Inda Za Ka Fara Dubawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu taɓo abin da ke ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya. Ka tara kuɗinka ka sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, mai eriya huɗu, ka jona, fitilunta duk sun kama, amma bidiyo sai juyi yake yi, kiran WhatsApp yana yankewa, har kana ganin tsohuwar da ka cire ta fi ta. Kafin ka mayar wa mai shago kayansa, ko ka kira kamfani da faɗa, ba ni aron kunnuwanka.

Rauta ba ta ƙirƙirar gudun intanet, rabawa kawai take yi. Kamar bututun ruwa ne, komai girman tankinka, inda bututun ya fi matsewa shi zai yanke yawan ruwan da zai fito a famfo. To aikinmu shi ne mu gano inda matsewar take. Ko daga kamfani ne, ko a kebul ɗin da ya shiga rautar, ko a cikin rautar kanta, ko kuwa a iska tsakaninta da wayar hannunka. Kuma ba da hasashe ake ganowa ba, aunawa ake yi.

Ka samo kwamfutar tafi-da-gidanka, ka haɗa ta da rautar da kebul, a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta LAN. Ka kashe Wi-Fi na kwamfutar, ka ce kowa a gidan ya ɗan dakata. Sai ka buɗe fast.com ko Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Sannan ka ɗauki wayarka, ka tsaya dab da rautar ka sake aunawa. Daga nan ka shiga ɗakin da aka fi kuka da shi ka auna na uku. Lambobin nan uku su ne za su nuna maka hanya. Idan ta kebul ta yi kyau, kamfani ba shi da laifi, matsalar ta Wi-Fi ce. Idan tun ta kebul ɗin ta lalace, to kada ka wahalar da kanka da juya eriya.

Ka lura da wani abu a nan. Kamfanoni suna sayar da gudu da ma'aunin Mbps, amma idan kana sauke fayil, waya kan nuna maka MB a daƙiƙa ɗaya. Sai ka raba lambar Mbps ɗin da 8. Mai layin 40 Mbps idan ya ga fayil yana sauka da MB 5 a daƙiƙa, haƙƙinsa ne cif ya samu, babu wanda ya cuce shi.

Yanzu mu ce kana biyan kuɗin 200 Mbps, amma awon kebul ya tsaya tsakanin 90 da 95, ya ƙi gaba ko da tsakar dare. Da ka ga haka, wani abu ne ya ɗaure ka a 100. Ɗauko kwalin rautar ka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Idan ka ga 10/100 a bayanin ramukan, to iyakarta ke nan. Wadda kake buƙata ita ce mai Gigabit, wato 10/100/1000. Wannan abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin a gaban kwalin za ka ga an rubuta AC1200 da manyan baƙaƙe, mutum ya ɗauka gudun da zai samu ke nan. Alhali jimilla ce kawai aka yi ta zangunan Wi-Fi guda biyu, 300 da 867, kuma a kan takarda. Akwai rautoci masu araha da yawa masu wannan lamba, amma ƙofar shigarsu 100 ce.

Idan rautar Gigabit ce, sai ka zare kebul ɗin, ka ɗaga kansa wajen haske. Ta cikin robar nan mai sheƙi za ka hango siraran wayoyi masu launi. Ƙirga su. Takwas ake so. Idan huɗu ka gani, ba zai wuce 100 ba, kuma ko takwas ɗin ne, guda ɗaya ta tsinke ko ba a matse kan da kyau ba, zai iya faɗowa 100 shiru ba tare da wata fitila ta yi ja ba. Ka nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Sau da yawa maganin duk bai wuce wannan ba.

Akwai kuma masu jona sabuwar rauta a bayan akwatin da kamfani ya ba su. Sai ya zama biyu ne ke watsa Wi-Fi gefe da gefe suna danne juna, wayarka kuma ta saba da tsohon suna, can take komawa ba ka sani ba. Ka kashe Wi-Fi na akwatin kamfanin, ka sa sabuwar a tsarin da ake kira Access Point. Hanyar shiga saitin tana kan takardar da aka manna a ƙasan rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Tunda ka shiga, leƙa inda aka rubuta QoS ko Bandwidth Control. Idan akwai wata iyakar gudu da aka sa, cire ta ka sake aunawa.

To amma da yawanmu ba faiba muke da shi ba, wato intanet ɗin da kamfani ke jawowa gida da kebul, rauta mai sim muke amfani da ita. Ita wannan, inda ka ajiye ta shi ne rabin aikin, domin daga ƙarfen sabis take jawowa. Kada ka dogara da sandunan nan na sigina, ka shiga saitinta ka nemi RSRP da SINR. RSRP ƙarfin sigina yake nunawa, idan yana wajen -80, lafiya lau. Idan ya gangara ya wuce -100, sigina ya yi rauni. Shi kuwa SINR yana nuna tsabtar siginar ne, sama da 20 ya yi kyau sosai, kusa da sifili kuwa hayaniya ta yi yawa. Ka ɗauki rautar ka zaga da ita taga-taga, kana ɗan jira kana kallon lambobin. Za ka sha mamakin bambancin da ke tsakanin tagar gabas da ta yamma a falo ɗaya. Ka kuma tabbatar ba ta zame ta koma 3G ba. Wanda ya sayi rauta mai 5G kuma ya sani, tun 2022 MTN ya fara 5G a Najeriya, amma ba kowace unguwa ya kai ba. Inda babu shi, 4G za ta kama kamar kowa. Ka auna da asuba, ka sake aunawa bayan isha'i. Idan da asuba tana gudu, da dare ta kwanta, cinkoso ne a ƙarfen unguwarku, ba rautar ba ce. Sannan ka karanta sharuɗɗan tsarin datar da ka saya, domin wasu da ake cewa ba su da iyaka ana rage musu gudu idan an kai wani adadi.

Mu dawo kan wanda kebul ya ba shi lamba mai kyau, amma waya ta ƙi. Rautocin yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma gudunsa kaɗan ne kuma cunkushe yake, domin rautocin maƙwabta da Bluetooth har da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Na biyun yana da gudu sosai, amma bango biyu na bulo da siminti sun isa su karya shi. Idan ka ga 5G a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinka, wannan zangon ake nufi, ba 5G na kamfanin waya ba. Sababbin rautoci kan haɗe zangunan biyu a suna ɗaya su zaɓar maka, kuma wani lokaci sai su bar wayarka a mai nauyin alhali kana zaune kusa. Ka kashe Smart Connect, ka ba kowane zango sunansa. Wanda ke falo ya hau 5, na can ƙuryar gida ya hau 2.4. A 2.4 ɗin kuma ka gwada tasha ta 1, ko 6, ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, faɗin tashar ka bar shi a 20 MHz.

Wurin ajiya kuwa, don Allah a daina ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin durowa don kada yara su taɓa. A ɗaga ta sama, a fili, nesa da ƙofar ƙarfe da firji da babban madubi. Gidan sama mai rufin kankare kuwa, rauta ɗaya da wuya ta wadatar, sai an ja kebul an ƙara wata.

Ka duba tsaron da aka zaɓa. WEP ko TKIP suna mayar da gudun Wi-Fi ƙasa, ba zai wuce 54 Mbps ba. Ka sa WPA2 mai AES, ko WPA3. Ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga, idan akwai baƙi ka sauya kalmar sirri. Tsohuwar waya kuma ba za ta ci moriyar sabuwar fasaha irin Wi-Fi 6 ba, iya ƙarfinta za ta yi, don haka ka gwada da waya fiye da ɗaya.

Sai caja. Mutane kan bar tsohuwar cajar a soket su jona wa sabuwar rauta, tunda bakin ya shiga. Ka karanta jikinta. Idan rautar tana son 12V 2A ka ba ta mai 1A, za ta kama, amma da aiki ya yi yawa sai ta riƙa yankewa tana sake tashi. Haka ma zafi, musamman a watan Afrilu, idan ka taɓa ta ka ji ta yi zau, a sama mata iska. Ka kuma sabunta manhajar cikinta, domin wadda ta zo da ita daga kwali kan zama tsohuwa.

Duk abin da za ka sauya, ɗaya bayan ɗaya, kana aunawa bayan kowanne, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Idan kuwa ka tabbatar kebul lafiya, ramukan Gigabit ne, amma awon kebul bai kai abin da kake biya ba, mayar da tsohuwar rautar ka auna. Idan ita ma haka ta nuna, to yanzu ne za ka kira kamfani. Ka faɗa musu tsarin da kake kai, lambar da ka samu ta kebul, da lokutan da ka auna, sannan ka nemi a ba ka lambar ƙorafinka ka ajiye.