Kwanakin da ke Gaban Al'ada: Kuka, Kumburi da Ciwon Mara

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Anti Rabi, yarinya ce al'adarta ta kusa, nono ya yi mata nauyi, ciki ya kumbura, ƙuraje sun feso, abu kaɗan sai kuka. A gida kuma a ce ta fiye baƙin rai.

Anti Rabi: Ba halinta ba ne, Hadiza. Ƙwai na fita wajen kwana 14 kafin jini, daga nan sinadaran jikin mace su hau, su sauka, wasu kuwa jikinsu ba ya ɗaukar wannan sauyin da sauƙi. Abin da ke tabbatar mana shi ne lokaci: ya fara kwana 5 zuwa 10 kafin jini, ya lafa cikin kwana 4 da zuwansa. Shi ya sa nake cewa ta samu littafi, kullum da dare ta rubuta abin da ta ji, wata biyu a jere. In damuwar ba ta ɗagawa duk wata, to wata matsalar ce daban.

Hadiza: Kafin nan me za ta yi?

Anti Rabi: Ta rage gishiri da dunƙulen miya, su ke riƙe ruwa a jiki. Ta rage goro da kofi, ta yi tafiyar minti 30, ta samu barci. Nono da madara ma na taimakawa.

Hadiza: Ciwon mara fa? 'Yan mata da yawa jiƙon kanwa suke sha.

Anti Rabi: Don Allah su bari, ba ta da awo. Ciwon kuwa, mahaifa ce ke matsewa. Ta sha maganin ciwo ibuprofen miligiram 400 duk awa 8, bayan an ci abinci, kuma da zarar ciwon ya fara, don in ya yi ƙarfi maganin ba ya kamawa sosai. Mai olsa ko ciwon ƙoda kada ta sha. Ta ɗora gorar ruwan ɗumi a mara.

Hadiza: Yaushe za a tafi asibiti?

Anti Rabi: In jini ya wuce kwana 7, ko audugar mata na jiƙewa duk awa, ko ciwon na hana ta makaranta. Wadda kuma baƙin cikin ya kai ta fara tunanin cutar da kanta, ranar za a kai ta, akwai maganinsa.