Slippage: ina sauran koyin ɗina suka maƙale?

Jama'a, barkanmu da warhaka. 'Yan kirifto sun ishe mu da tambaya ɗaya: allo ya nuna min kaza, abin da ya shigo walet bai kai ba, wa ya ci?

Turawa na kiran abin slippage, daga slip, wato zamewa. Bakanike ma yana faɗarta idan kuloc ya fara zamewa, ɗan kwangila kuma idan aiki ya zarce wa'adi. Mu dai ta kasuwa ta tara mu: tazarar da ke tsakanin farashin da ka gani da wanda cinikin ya faɗa a kai. Ko wasu sun riga ka saye cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko odarka ta fi ƙarfin hajar da ke ƙasa.

To, ga inda ake tafka ta. Ku dubi ɗan akwatin nan na slippage a PancakeSwap, dandalin musayar koyin. 0.5%. Da yawa sun ɗauka caji ne. A'a, iyaka ce. Kamar ka aiki yaro sayen buhun masara ka ce masa in ya wuce kaza, dawo min da kuɗina.

Allo ya ce koyin 1,000. Ka bar shi a 0.5%, in ba za ka samu wajen 995 ba, a fasa. Yanzu bari in mayar da shi 10%. Kun ga mafi ƙarancin abin da za a karɓa ya sauka? Wajen 900. Da hannunka ka amince da haka. Kuma akwai bot, wato manhajojin da ke ciniki da kansu, masu leƙen cinikin da ke jiran tabbatarwa: su saya gabanka, farashi ya hau, su sayar bayanka, kai kana tsakiya kana murna ciniki ya wuce.

Shawarar nan ta "sa 12% kawai" da ake yawo da ita a guruf-guruf, tushenta koyin irin su SafeMoon ne a 2021, mai cire harajin 10% a kowane ciniki. Dole ce ta sa a can. Ɗora ta kan kowane koyin, a ganina, ganganci ne.

In ciniki ya ƙi wucewa, ɗaga zuwa 1%, ko ka raba odar gida biyu. Sai dai ka sani, cinikin da ya ƙi wucewa ma yana cin kuɗin gas, wato cajin aiwatar da ciniki.