Leƙen Manyan Taurari da Hasken Eksire

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin kimiyyar taurari ya gabatar a wata makarantar dare a Nima, Accra.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, ƙannena da ke baya, sannunku da zuwa.

Wa aka taɓa ɗauka hoton ƙirji a asibiti? Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. To Hajiya, hasken nan da ya ratsa tsoka ya nuna ƙashi, shi ne eksire, kuma da irinsa muke leƙen taurari. A asibiti na'ura ce ke harbo shi, a sama kuwa taurarin ne ke fitar da abinsu. Sai dai ba ya iso mu, iskar da ta lulluɓe duniya ke shanye shi. Tangaran ɗinmu na leƙen taurari da ke Kuntunse, mai faɗin mita 32, da aka buɗe a 2017, igiyar rediyo yake kamawa, ita tana saukowa har ƙasa. Eksire sai an bi shi can. Shi ya sa a Yulin 1999 Amurka ta harba na'urar Chandra, a Disamba kuma Turai ta bi da XMM-Newton.

Idan muka ce babban tauraro, muna nufin wanda nauyinsa ya ninka na rana sau 8 ko fiye. Irinsu almubazzarai ne. Ranarmu ta yi shekara biliyan 4.6 tana ci a hankali, su kuwa mafiya girmansu cikin 'yan miliyoyin shekaru sun ƙone kaf. Ba sa daɗewar da za su bar gida. A inda aka haife su ake samunsu, cunkushe da dubban ƙannensu, cikin ƙura da ta fi hazon hunturu kauri. Ido ba ya ratsa ta, eksire yana ratsawa.

Ga inda kai ya ɗaure. Zafin fuskar irin wannan tauraro kamar digiri 40,000 ne, alhali eksire sai da miliyoyin digiri yake fita. Amma a ƙarshen shekarun 1970 wata na'ura da aka harba sama mai suna Einstein ta hango shi yana fitowa daga manyan taurarin tarin Cygnus OB2. Daga ina?

Daga iskarsu. Tsananin hasken tauraron yana ture sassan jikinsa waje, da gudun da ya kai kilomita 2,000 a daƙiƙa guda. Accra zuwa Kumasi kafin ka ƙifta ido ke nan. Kuma iskar ba sumul take tafiya ba, curi-curi ce. Ku ɗauki titin nan namu da safe: trotro na gaba ya taka birki zai ɗauki fasinja, na baya ya taho a guje. Ku da kanku kun san sauran. Wannan karon ne ke dafa iskar har miliyoyin digiri.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne Theta-1 Orionis C, cikin gajimaren Orion, tafiyar haske ta shekara kusan 1,350 daga nan. Yana da ƙarfin maganaɗisu, wanda ke kamo iskar da ta taso daga samansa da wadda ta taso daga ƙasansa, ya lanƙwaso su, su gwabza a ƙugunsa. Zafin ya haura digiri miliyan goma. Duk kwana 15 tauraron yana kammala juyi, eksiren ma yana hawa da sauka daidai da haka, kamar mai riƙe da agogo. A Janairun 2003 Chandra ta ƙura wa wurin ido kusan kwana goma, ta ƙirgo ɗigon eksire sama da 1,600, yawanci jariran taurari.

Malam na tambaya ko ana ganinsa da ido. Gajimaren dai ana gani, Malam. Cikin hunturu, daren da hazo ya lafa, ka nemi taurarin nan uku da ke jere, kusa da su akwai wasu ƙanana, na tsakiyarsu dishi-dishi kamar an shafa toka. Ka ɗan nisanci fitilu.

Na ji ladan ya fara. Sauran tambayoyi bayan isha'i.