Lacca: Amstrad PCW 8256, Kwamfutar da Ta Ture Tafireta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da haɗuwa. Yau za mu tattauna a kan Amstrad PCW 8256, wadda kamfanin Alan Sugar ya fito da ita a Ingila cikin watan Satumban 1985, a kan fam 399 ban da haraji. Da wannan kuɗin mutum zai ɗauki allon kallo, da madannai, da firinta, har da manhajoji. Abin da ya ja hankalin ƙananan ofisoshi ke nan, domin farashin bai fi na tafireta mai lantarki ba sosai.

To, ta ina arahar ta fito? Daga haɗa komai a gida ɗaya. Ƙwaƙwalwar, wato Z80 mai gudun megahaz 4, da ma'adanar kilobait 256, da na'urar karanta faifai, duk suna cikin akwatin allon. Hatta firintar ba ta da hankalin kanta. Daga cikin akwatin ake sarrafa ta, daga can take shan wuta. Shi ya sa ba za ka jona ta da wata kwamfuta ba. Allon kore ne, yana nuna harafi 90 a layi, layi 32, ka ga kusan rabin wasiƙa a gabanka.

Ku lura da nan sosai. Idan ka kunna ta, babu abin da ta sani sai ka zura faifai. Faifan ɗan inci 3 ne, mai fuska biyu, kowace fuska kilobait 180, sai ka zare ka juya da hannu kamar kaset. Fuska ɗaya tana ɗauke da LocoScript na buga takardu, ɗayar kuma CP/M Plus, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da Mallard BASIC na rubuta manhajoji. Aikin farko na mai hankali shi ne ya kwafi wannan faifan da DISCKIT, manhajar kwafar faifai, ya adana na asalin a aljihun tebur.

Z80 ba ta iya ganin fiye da kilobait 64 lokaci guda, saboda haka aka mai da wani ɓangare na ragowar ya zama faifan wucin gadi mai suna M. Yana da sauri ƙwarai, amma duk takardar da aka bari a M, da zarar wuta ta ɗauke, ta tafi ke nan. A riƙa mayar da aiki kan faifan gaske kafin a tashi.

Wanda ya tsinci irinta a yau, cutar da zai tarar kusan ɗaya ce: bel ɗin roba na cikin na'urar faifai. Shekaru sun sa ya saki, ko ya narke ya zama kamar kwalta. Za ka ji ɗan injin na'urar yana juyi, faifai kuwa yana tsaye. A zare wuta tukuna, a kuma nisanci bayan kwalbar allon, don tana riƙe caji mai haɗari. A fito da na'urar, a ɗaga farantin wayoyin lantarki da ke ƙarƙashinta a hankali, a goge baƙin danƙon da auduga da sifirit, sannan a ɗora sabon bel. Akwai wani ɗan tsinken ƙarfe a wurin, shi ke gane ko an kulle faifai don hana rubutu a kansa. Yana faɗowa ba ka sani ba, kuma in ya ɓata, na'urar za ta karanta amma ba za ta rubuta ba. Don haka a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.